Dafi da Makari: Rayuwar Shibasaburo Kitasato (1853–1931) da Binciken Cutar Sarƙe-Haƙora

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Shibasaburo Kitasato, likita ɗan ƙasar Jafan wanda ya fara ware ƙwayar cutar sarƙe-haƙora ita kaɗai a shekarar 1889, sannan shi da Emil Behring suka nuna a 1890 cewa jinin dabba yana iya ɗaukar makarin dafinta. An bi tarihinsa tun daga ƙauyen da aka haife shi, zuwa zamansa a Jamus da komawarsa gida, tare da bayanin yadda dafin yake bin jijiya har ya sandarar da tsoka. An kuma dubi inda aikin nasa ya shafi rayuwar Bahaushe, ta hanyar ɗaukar Wudil a matsayin misalin garin noma da kiwo. Maƙalar ta nuna cewa makarin yana cin dafin ne kawai kafin ya shige jijiya, don haka rigakafi ne babban abin da aka gada daga binciken.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin dafi. Maharba da mayaƙan dauri suna dafa 'ya'yan ƙwanƙwani su shafa wa kibiya, kuma sun san ƙaramin rauni yana kashe babbar dabba idan dafi ya bi jiki. Sun kuma san makari, wato abin da ke karya ƙarfin dafi. Abin da ya ɓoyu ga Bahaushe, da ma sauran mutanen duniya har ƙarshen ƙarni na 19, shi ne cewa wata halitta da ido ba ya gani tana iya zama cikin rauni ta riƙa haɗa dafi.

Cutar da ake kira sarƙe-haƙora, wasu kuma su ce tsinkau-tsinkau musamman idan jariri ta kama, irin wannan dafi ne ke haddasa ta. Sunayen sun siffanta abin da ido ke gani: muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, baya ya lanƙwashe, jiki ya riƙa fizga. Ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, saboda haka gari irin Wudil, mai babbar kara da gonakin fadama a bakin kogi, yana tare da ita kullum. Mutumin da ya fara riƙe wannan ƙwaya ita kaɗai a cikin kwalba bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma allurar da ake yi wa mai ciki a asibitin Wudil daga bincikensa ta samo tushe.

Akwai buƙatar fayyace wata kalma. A Hausa, jijiya tana nufin hanyar jini, tana nufin igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, tana kuma nufin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ma'ana ta uku ake nufi a duk inda kalmar ta fito a nan.

2.0 Haihuwa da Neman Ilimi

An haifi Kitasato ranar 29 ga Janairu, 1853, a wani ƙauye cikin duwatsun Oguni, a yankin da yanzu ake kira Kumamoto da ke tsibirin Kyushu. Mahaifinsa shi ne dagacin ƙauyen. A shekarar ce jiragen yaƙin Amurka suka iso gaɓar Jafan suna neman ta buɗe ƙofofinta, bayan ta shafe fiye da shekara 200 tana taƙaita hulɗa da baƙi. Yana ɗan shekara 15, a 1868, aka kafa gwamnatin Meiji, wadda ta ɗauki aniyar koyo ilimin Turai don kada ƙasar ta faɗa hannun Turawa.

Burinsa na ƙuruciya shi ne aikin soja. Iyayensa ne suka karkata shi ga likitanci, ya shiga makarantar likitoci ta Kumamoto a 1871. A can ya haɗu da wani likita ɗan Holan mai suna Mansvelt, wanda ya nuna masa naman jiki a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu, ya kuma ba shi shawarar ya wuce Tokiyo, daga nan ya nufi Turai. Ya shiga makarantar likitoci ta Tokiyo a 1875, bai kammala ba sai 1883, yana da shekara 30. Tun yana ɗalibi, a 1878, ya rubuta wani jawabi inda ya kafa hujjar cewa babban aikin likita shi ne hana mutane kamuwa da cuta. Da ya gama karatu sai ya zaɓi aiki a sashen kiwon lafiyar jama'a na Ma'aikatar Cikin Gida, duk da cewa shugabancin asibiti ya fi albashi. A wannan sashe ya fara koyon ilimin bakteriya a hannun Masanori Ogata. Gwamnati ta zaɓe shi zuwa Jamus a 1885, ya fara aiki a cibiyar Robert Koch da ke Balin a farkon 1886.

3.0 Ware Ƙwayar Cutar

Lokacin da Kitasato ya isa Balin, Koch ya riga ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, ya kuma shimfiɗa ƙa'ida: ba za a ɗora wa wata ƙwaya alhakin cuta ba sai an raba ta da sauran ƙwayoyi, an rene ta ita kaɗai, an sa wa lafiyayyar dabba ta kamu. Sarƙe-haƙora ta gagari wannan ƙa'ida. A 1884 Carle da Rattone a Italiya sun sa wa zomaye mugunyar mai cutar, zomayen suka sandare. A shekarar kuma Arthur Nicolaier a Gottingen ya cusa wa dabbobi ƙasar lambu, suka kamu, ya ga wata siririyar ƙwaya a wurin raunin. Amma duk wanda ya yi ƙoƙarin renon ta sai ya same ta cakuɗe da wasu, har malamin Nicolaier, Carl Flugge, ya ɗauka ba ta iya rayuwa sai da abokan zama.

Kitasato bai gamsu da haka ba. Ya lura da abu biyu. Na farko, idan ya tsira ƙwayoyin cikin daskararren abincin reno, wadda yake nema tana tsirowa ne can ƙasa, inda iska ba ta kai ba. Na biyu, idan ta shiga matsi takan dunƙule cikin wani ƙwanso mai tauri a ƙarshen jikinta, ta yi kama da tsinken ashana, kuma ƙwanson yana jure zafin da ke kashe sauran ƙwayoyi. Sai ya ɗumama cakuɗen a zafin digiri 80 na kusan awa ɗaya, abokan zaman suka mutu, ƙwanson ya tsira. Ya zuba abin da ya rage cikin wani faifan gilashi da ya ƙera, ya kore iskar ciki da haidirojin, ya toshe. Ƙwayar ta tsiro ita kaɗai, kuma da ya sa wa ɓeraye suka sandare suka mutu. Ya bayyana sakamakon a 1889. Ita ce ƙwayar da masana ke kira Clostridium tetani a yau.

Wannan ya warware wani abu da manoma suka daɗe suna gani. Buɗaɗɗen rauni mai zubar da jini bai cika jawo cutar ba, amma sukar ƙaya ko ƙusa, mai zurfi da ƙaramin baki, ita ce abar tsoro, domin can ciki babu iskar oksijin. Tsatsa kanta ba ta haddasa cutar. Ƙasar da ke manne da ƙarfen ce ke ɗauke da ƙwanson.

4.0 Dafi da Makarinsa

Sauran tambaya ɗaya. Idan aka bincike gawar dabbar da cutar ta kashe, a bakin rauni kawai ake samun ƙwayar. Ba ta cikin jini, ba ta cikin laka. To, mene ne ke sandarar da muƙamuƙin wanda ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa? Nicolaier ya yi zargin guba ce. A 1890 Knud Faber a Denmak da Kitasato a Balin suka tabbatar da haka. Kitasato ya tace ruwan renon da matacin tangaran mai ƙananan ƙofofin da ƙwaya ba ta iya ratsawa, ya sa wa dabbobi tataccen ruwan, suka nuna dukkan alamomin cutar. Ashe ƙwayar tana nan zaune a wuri ɗaya, dafinta ne ke tafiya.

Daga nan ya fara ba zomaye dafin da aka rage wa ƙarfi, yana ƙarawa sannu a hankali, har suka kai ga jure abin da zai kashe ɗan'uwansu nan take. Ya ɗebi jininsu, ya bari ya daskare, ya tsiyaye ruwan da ya taso sama, ya sa wa ɓeraye. Ɓerayen suka tsira daga dafin. Ruwan jinin zomon da ba a horar ba kuwa bai kare kowa ba. A daidai lokacin abokin aikinsa Behring yana irin wannan gwaji a kan cutar mashaƙo. Ranar 4 ga Disamba, 1890, su biyu suka fitar da gajeriyar maƙala a wata mujallar likitoci ta Jamus, inda suka nuna cewa jiki yana haɗa makari a cikin jini, kuma ana iya ɗaukar makarin daga wannan jiki a kai wa wancan. Daga wannan maƙala ne aka fara fahimtar sinadaran garkuwar jiki da ke yawo cikin jini.

Bayan mako ɗaya Behring ya fitar da tasa maƙalar a kan mashaƙo da sunansa shi kaɗai. A 1901, da aka fara ba da kyautar Nobel ta fannin likitanci, shi aka ba. An gabatar da sunan Kitasato, amma bai samu ba, kuma masana tarihin kimiyya suna ci gaba da tattauna adalcin wannan hukunci.

5.0 Yadda Dafin Ke Aiki a Jijiya da Tsoka

Kitasato ya nuna akwai dafi, amma sai da aka shafe shekara 100 kafin a gama gane hanyarsa. A farkon ƙarni na 20 Meyer da Ransom suka nuna yana hawa ne ta cikin jijiya. A 1957 Brooks da Curtis da Eccles suka gano inda yake ɓarna a cikin laka. A 1992 Schiavo da Montecucco da abokan aikinsu a Italiya suka gano ainihin abin da yake yankewa.

Kowane motsi na jiki yana buƙatar umarni biyu. Idan mutum zai lanƙwasa hannu, tsokar gaban dantse tana karɓar umarnin ta tsuke, ta baya kuma dole a hana ta tsukewa. Umarnin farko kamar ƙaimi yake ga doki, na biyu kamar linzami. Jijiyar motsi tana isar da ƙaimin ta hanyar fesa wa tsoka wani sinadari mai suna asetilkolin. Linzamin kuwa yana hannun wasu ƙananan jijiyoyi a cikin laka, waɗanda ke fesa sinadaran gilaisin da GABA don su kwantar da jijiyar motsi. Dukkan sinadaran nan a cikin ƙananan jakunkuna suke, kuma jaka ba ta zubar da abin da ke cikinta sai wani furotin mai suna sinaftobirebin ya ɗaure ta da bakin jijiya.

Dafin sarƙe-haƙora yana shiga ta ƙarshen jijiyar motsi, ya bi cikinta ya haura zuwa laka, ya tsallaka cikin jijiyoyin linzami, ya datse wannan furotin kamar almakashi. Da linzami ya tsinke, sai jijiyar motsi ta riƙa aika umarni babu tsayawa, tsokar gaba da ta baya su tsuke lokaci guda. Jijiyoyin muƙamuƙi da fuska gajeru ne, shi ya sa haƙora ke fara sarƙewa. Tsokokin baya sun fi na ciki ƙarfi, shi ya sa jiki ke lanƙwashewa kamar baka. Ƙara ko haske ko taɓawa suna tayar da fizgar, alhali majinyacin yana cikin hayyacinsa yana jin zafin. Idan ta kama maƙogwaro da tsokokin numfashi, rai yana cikin haɗari. Abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba ya isa ya kashe babban mutum.

Wannan ƙwaya tana da 'yar'uwa, Clostridium botulinum, wadda Emile van Ermengem ya gano bayan gurɓataccen nama ya kwantar da wasu makaɗa a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam a 1895. Dafinta ma almakashi ne mai yanke furotin ɗin da ke buɗe jakunkuna, sai dai shi ba ya haurawa laka. A mahaɗar jijiya da tsoka yake tsayawa ya hana asetilkolin fita. A nan ƙaimin ne ya faɗi: fatar ido ta sauko, haɗiya ta gagara, jiki ya saki. Makami iri ɗaya ne, wurin saran ne ya bambanta, wannan ya sandarar, wancan ya sakar.

Wannan bayani ya nuna iyakar makarin Kitasato. Makarin yana yawo ne cikin jini, ba ya shiga cikin jijiya. Dafin da ya riga ya shige ya kuɓuce masa, sai dai a yi ta jinya makonni har jijiyar ta gyara kanta. Haka kuma wanda ya warke bai tsira daga sake kamuwa ba, domin ɗan abin da ya kwantar da shi bai kai yawan da zai koya wa jiki haɗa makari ba.

6.0 Komawa Gida da Sauran Rayuwarsa

Kitasato ya koma Jafan a 1892 da laƙabin farfesa daga gwamnatin Furushiya, amma bai tarar da wurin aiki ba. Tun yana Balin ya soki iƙirarin tsohon malaminsa Ogata cewa bakteriya ce ke haddasa cutar beri-beri. Gaskiya tana gefensa, domin daga baya an tabbatar ƙarancin sinadarin abinci ne, amma manyan Jami'ar Tokiyo sun ɗauki sukar a matsayin butulci ga malami. Shahararren masanin nan Yukichi Fukuzawa ne ya ba shi fili da gini, aka buɗe Cibiyar Binciken Cututtuka Masu Yaɗuwa a wannan shekara.

A Yunin 1894 gwamnati ta tura shi Hong Kong, inda annobar da ƙuman ɓera ke yaɗawa ta ɓarke. Shi da Alexandre Yersin na Cibiyar Pasteur kowa ya ba da rahoton ganin ƙwayar cikin 'yan kwanaki. Bayanin Kitasato ya zo da saɓani, mai yiwuwa saboda wata ƙwaya ta gurɓata abin da ya rena, na Yersin kuma ya fito sarai. Shi ya sa ƙwayar take ɗauke da sunan Yersin.

A cibiyarsa Kiyoshi Shiga ya gano ƙwayar atini a 1897. A nan kuma Hideyo Noguchi ya yi aiki na ɗan lokaci, wanda daga baya zazzaɓin shawara ya kashe shi a Akara a 1928 yana tsakiyar bincike. A 1914 gwamnati ta mayar da cibiyar ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ba tare da shawartarsa ba. Ya ajiye aiki, ma'aikatansa suka bi shi, ya kafa Cibiyar Kitasato da dukiyarsa. A 1917 ya zama shugaban farko na tsangayar likitanci a Jami'ar Keio, wadda Fukuzawa ya kafa, don saka alherin da aka yi masa. Ya zama shugaban farko na Ƙungiyar Likitocin Jafan a 1923. Ya rasu a gidansa da ke Tokiyo ranar 13 ga Yuni, 1931, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 78. Tun Yulin 2024 hotonsa ne a kan takardar kuɗin Jafan ta yen 1,000.

7.0 Gadon Aikinsa a Ƙasar Hausa

Makarin da ake tatsa daga jinin dawakai ya ceci sojoji masu yawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka gwabza a gonakin Faransa da Beljiyam masu cike da taki. Sai dai kariyarsa ta 'yan makonni ce. A shekarun 1920 Gaston Ramon da abokan aikinsa a Faransa suka gurgunta dafin da sinadarin fomalin, ya daina cutarwa amma jiki yana gane shi ya haɗa nasa makarin. Wannan ita ce allurar rigakafin da ake yi a yau.

A Wudil, duk Juma'a shanu da tumaki da awaki suna cika kara, takinsu kuma yana ƙarewa a gonaki. Manomi mai tafiya ba takalmi, da mahauci, da ɗan kamasho a tsakiyar garke, da yaron da ƙaya ta soka, duk suna cuɗanya da ƙwanson. Amma wanda ya fi shiga haɗari shi ne jariri. Cibiyar da aka yanke da tsohuwar reza, ko aka gasa da tsumma mai datti, ko aka barbaɗa wa toka, rauni ce mai zurfi. Askar wanzami idan ba a dafa ta ba ita ma ƙofa ce. Alamomin sukan bayyana kusan mako ɗaya bayan haihuwa, wato wajen ranar suna: jaririn da ke kama nono lafiya ya daina, bakinsa ya ƙulle, jikinsa ya sandare. Da yake raunin ƙarami ne kuma kwanaki sun shuɗe, ba abin mamaki ba ne a danganta lamarin da iska ko sammu, a makara zuwa asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar ta kashe jarirai kimanin 787,000 a 1988, adadin ya sauko zuwa kimanin 25,000 a 2018. Mizanin hukumar shi ne a samu ƙasa da jariri ɗaya cikin 1,000 a kowace gunduma. Jamhuriyar Nijar ta kai ga mizanin a 2016, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashe ƙalilan da suka rage. Hanyar kariyar ita ce wadda gwajin zomo da ɓera ya nuna a 1890: idan aka yi wa mai ciki allura, jikinta yana haɗa makari, ya ratsa ta mabiyiya ya shiga jinin ɗan da ke ciki. Bayan haihuwa jariri yana karɓar tasa allurar a mako na 6 da na 10 da na 14.

8.0 Kammalawa

Rayuwar Kitasato ta haɗa nasara da rashi: ya ware ƙwayar da aka ce ba ta waruwa, kyautar Nobel ta wuce shi, sunan wani ya hau ƙwayar annoba. Abin da ya tabbatar bai gushe ba, wato sandarewar jiki aikin dafi ne, kuma jini yana iya ɗaukar makarinsa. An kawar da agana daga duniya domin a jikin mutum kaɗai take rayuwa. Sarƙe-haƙora kuwa a cikin ƙasa take, ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma rigakafin maƙwabci ba ya kare kowa, sai kowace uwa da kowane yaro sun karɓi nasu. A nan masana Hausa suke da rawar takawa. Kalmomin dafi da makari da linzami suna cikin harshen tun dauri, kuma da su za a iya fahimtar da ungozoma da wanzami da maigida dalilin dafa aska da yin allura tun jiki yana lafiya. Tattara sunayen cutar a karuruwan Hausa, da daidaita kalmomin da suka shafi jijiya da tsoka, aiki ne da ke jiran masu nazarin harshe da al'ada.